Larabci da baƙaƙen Ibrananci: harshe ne na daban ko ajamin Yahudawa ne?

Abubakar: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko na samu mai warware mini. Bayan mun yi azahar a masallacin Amru bin Asi da ke tsohuwar Alƙahira, wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ja ni muka taka zuwa unguwar tsofaffin coci-coci, inda majami'ar Yahudawa ta Bin Ezra take. A can ya ba ni labarin wani ɗaki da suke kira geniza. Al'adarsu ita ce ba a jefa takarda mai sunan Allah a shara, kamar yadda mu ma ba ma yar da yagaggen shafin Alƙur'ani. Su sai abin ya zarce, har duk takardar da aka rubuta da baƙaƙen Ibrananci a nan ake zuba ta: wasiƙa, takardar aure, lissafin bashi, takardar magani. Shekara kusan 1000 ana zubawa, ƙasar Masar kuma ba ta da laima, sai takardun suka ƙi ruɓewa. Tsakanin 1896 da 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashi kaso mafi tsoka zuwa Kambirij ta Ingila, gutsattsarin da ya kai can sun kai wajen 193,000.

Da na dawo ɗaki na shiga intanet na duba hotunansu, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Na zauna kwana uku na haddace baƙaƙen, 22 ne kacal, sannan na koma kan wasiƙar wani ɗan kasuwa ina harhaɗawa kamar yaro mai babbaƙu. Ga abin da ya fito: "kitabi ya sayyidi wa maulaya, aɗalallahu baƙa'aka". Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Larabci ne, irin wanda nake karantawa kullum, mutum yana ce wa maigidansa Allah ya ja kwananka, amma da na kalli shafin kwana uku baya sai in rantse wani yare ne. Tambayata ita ce: wannan abu me sunansa? Turawa sun ba shi suna na kansa, Judeo-Arabic, wato Larabcin Yahudawa, suna lissafa shi cikin harsunan Yahudawa. Ni kuwa Larabci na gani.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Abubakar ɗana, Larabci ka gani domin Larabci ne. Harafi riga ce, ba ita ce mutum ba. Ɗauko takardar naira 1000 ka duba ajamin da ke jiki. Wanda bai sani ba sai ya ce Larabci ne, har rigima aka yi a ƙasar nan a kan haka, alhali abin da aka rubuta shi ne "naira dubu". Hausa ce ta sa rigar Larabawa. Wancan kuma Larabci ne ya sa rigar Ibraniyawa. In dai ba za mu ce ajami wani harshe ne daban da Hausa ba, to ban ga dalilin ƙirƙiro wa wancan suna ba.

Dakta Rabi: Allah ya gafarta Malam, na yarda da rabin maganar nan, rabin kuma ina da ja. Abin da Abubakar ya karanta rubutun ƙarni na 11 ko na 12 ne, kuma a wannan zamani maganarku tana da ƙarfi ƙwarai. Tun daga ƙarni na 10 marubutansu suka daidaita a kan bin ƙa'idar rubutun Larabci harafi da harafi. Matsalar da suka fuskanta irin ta kakanninmu ce amma a juye. Larabci yana da baƙaƙe 28, nasu 22, sai suka riƙa ɗora ɗigo: kaf ɗinsu mai ɗigo ya zama kha, sad mai ɗigo ya zama dad, dal mai ɗigo ya zama zal. Mu ma da muka rasa ɓ da tsa a Larabci ai dabarar ɗigo muka yi.

Amma ba riga kaɗai ba ce. Ko a rubutun manyan malamansu i'irabi yana da rauni, maganar kasuwa tana kutsowa, sannan ga kalmomin Ibrananci da Aramanci birjik a duk inda zancen addini ya taso. Abin sha'awar shi ne yadda Larabcin ke haɗiye su: a ɗora musu alif da lam, wani lokaci har a yi musu jam'in Larabci. Littafin addu'arsu siddur ne, sai ka ji jam'insa sadadir. Daidai da yadda muka ɗauko mu'allim muka yi malam, malamai, malanta. Mutanen da suka yi haka ba aron harshen suka yi ba, nasu ne, da shi uwa take wa ɗanta faɗa.

Malam Habibu: Dakta, lahanu a i'irabi ba ya mayar da harshe wani harshe. Da haka ne da rabin wasiƙun da Musulmi suka rubuta a wancan zamani su ma sun fita daga Larabci. Kiristocin Sham ma sun rubuta Larabci da baƙaƙen Suryaniyanci, Musulmin Andalus na ƙarshe sun rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci. Kowa yana manne wa haruffan littafinsa ne domin da su aka fara koya masa karatu.

Abubakar: Malam, bari in ƙara maka abin da na ci karo da shi jiya, na san zai ba ka sha'awa. Akwai wani babban malaminsu, Sa'idu bin Yusuf al-Fayyumi, su suna ce masa Sa'adiya Gaon. An haife shi a Fayyum ta Masar a 882, ya zama shugaban makarantar Sura a Iraƙi a 928, ya rasu a 942. Shi ya fassara Attaura zuwa Larabci, kuma sunan da aka san fassarar da shi shi ne Tafsir. Ayar farko haka ya kawo ta: "awwalu ma khalaƙallahu as-samawati wal-ard". Allah yake cewa ko'ina. Inda Attaura ta ce kohen, wato firist ɗinsu na zuriyar Annabi Haruna, shi imam yake rubutawa. Yahudawan Yaman sun riƙe wannan fassara har zuwa zamanin nan, suna haɗa ta da nassin Ibrananci da fassarar Aramanci a littafi ɗaya da suke kira Taj.

Malam Habibu: Ikon Allah. Wannan kam ban sani ba. Amma ba abin mamaki ba ne, domin a Buhari akwai hadisin Abu Huraira da ke nuna cewa tun a Madina ma'abuta littafi suna karanta Attaura da Ibrananci su fassara wa Musulmi da Larabci. Kafin nan ma ga Samau'al na Taima, Bayahude ne, mawaƙin jahiliyya, wanda har yau Larabawa ke buga misali da shi wajen cika alkawari. Mun karanta waƙarsa a adabi ba tare da wani ya ce mana ba Larabci ba ce.

Nura: Ni dai gaskiya ban ga amfanin wannan zance ba a irin wannan lokaci. Kullum muna ganin gawarwakin yara a Gaza, mu kuma muna nan muna yabon rubutun Yahudawa. Ku yi haƙuri, amma abin ya yi mini ciwo.

Hajiya Ladi: Nura ɗana, babu wanda abin Gaza bai yi wa ciwo ba a zauren nan, ni kaina akwai daren da na kasa cin abinci. Amma ɗan kasuwar da ya rubuta wa abokinsa wasiƙa shekara 900 da suka wuce yana tambayar farashin barkono, me ya haɗa shi da jirgin yaƙi? Shekara 32 na yi ina koyarwa, abin da na fi yaƙa a aji shi ne yaro ya ce ba zai san abu ba saboda yana jin haushin masu shi.

Malam Habibu: Nura, zafin zuciyarka na imani ne, Allah ya saka. Sai dai ka tuna Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya koya cikin rabin wata, ya zama shi ke rubuta musu wasiƙa shi ke karanta tasu. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi. Kuma yanzu da Abubakar ya ce kwana uku ya yi, sai wani tunani ya zo mini. Rabin wata ya yi kaɗan a koyi harshe sukutum, amma ya isa a koyi baƙaƙe. A ganina, Allah shi ne masani, ba mamaki abin da Zaidu ya koya irin wanda Abubakar ya koya ne.

Dakta Rabi: Akwai masana na zamani da suka yi irin wannan hasashe, Malam, sai dai takardun da suka tabbata a hannu daga baya suke. Bari in taɓo matsayin wannan Larabci a wurin Yahudawan kansu, domin nan ne abin ya fi girma. Da yawa daga cikin manyan littattafan tunanin Yahudawa na tsakiyar zamani da wannan Larabci aka rubuta su. Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba a 1138, wanda ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, da shi ya rubuta Dalalatul Ha'irin da sharhinsa na Mishna, tarin hukunce-hukuncen addininsu, har guntayen rubutun hannunsa an samu a ɗakin nan da Abubakar ya faɗa. Yahuza Halevi da shi ya rubuta littafin Khazari na kare addininsu. Bahya bin Baƙuda na Saraƙusɗa ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub, wanda in ka karanta babukansa na tawakkali da zuhudu da muhasaba sai ka ɗauka wani sufi ne. Ibrahim ɗan Musa bin Maimun ma ya zarce haka, a Kifayatul Abidin yana kira a riƙa wanke ƙafa kafin addu'a, a yi sahu, a yi sujada, yana cewa ayyukan annabawansu ne da suka yar wasu suka tsinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na ɗalibar harshe shi ne nahawun Ibrananci kansa a cikin Larabci aka haife shi. Yahuza Hayyuj, mutumin Fas da ya zauna Kurɗuba wajen shekara ta 1000, shi ya tabbatar cewa saiwar kalmar Ibrananci baƙi uku ce, kuma daga nahawun Larabawa ya samo ma'aunin. Ibn Janah ya zo ya gina a kai da Kitabul Luma da Kitabul Usul. Kafin su Yahuza bin Ƙuraish na Tahart ya rubuta wa Yahudawan Fas risala yana kwatanta Ibrananci da Aramanci da Larabci, ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su fara wannan fanni.

Isuhu Damagaram: Dakta, ina da tambaya. Waƙa fa? Mu dai malamanmu na jihadi littafi da Larabci suke yi, waƙar wa'azi kuma da Fillanci ko Hausa don talakawa su ji. Su ma haka ne?

Dakta Rabi: Malam Isuhu ka taɓo wurin da nake so. Su a juye suka yi. Littafin ilimi da Larabci, harshen da kowa ke ji, amma waƙa da Ibrananci, harshen ibada. Halevi ɗin nan da ya rubuta littafinsa da Larabci, waƙoƙinsa na begen Ƙudus da Ibrananci ya yi su. Sai dai ko a nan ba su tsira daga Larabci ba, domin Dunash bin Labraɗ tun ƙarni na 10 ya ɗauko aruli, ma'aunin waƙar Larabawa, ya ɗora wa waƙar Ibrananci. Gasa suke yi: Larabawa na alfahari da fasahar harshen Alƙur'ani, su kuma suna son nuna cewa harshen Attaura ma zai iya.

Yahudawan Turai da ke wajen Andalus kuwa ba sa jin Larabci, shi ya sa wani gida a kudancin Faransa, gidan Ibn Tibbon, uba da ɗa da jika, suka ɗauki aikin fassara zuwa Ibrananci. Sama'ila bin Tibbon ya kammala fassarar Dalalatul Ha'irin na Musa bin Maimun a 1204, shekarar da marubucin ya rasu. Yau mafi yawan masu karanta waɗannan littattafai a makarantunsu fassarar suke karantawa, da yawa ba su ma riya cewa asalin da Larabci yake ba.

Jamilu: Salamu alaikum, na makara amma na bi zancen tun daga sama. Ni shekara huɗu na yi karatu a Fas, kuma ina goyon bayan Dakta, domin abin da na ji da kunnena ba zancen rubutu ba ne. Unguwarsu ta Mellah tana nan kusa da fadar sarki, tun 1438 take. Tsofaffin garin har yanzu suna iya kwaikwayon yadda Yahudawa ke magana. Wani dattijo mai shagon yadi da nake zama wurinsa ya ce mini ko a duhu Bayahude ya yi magana za ka gane shi, domin shin da sin duk ɗaya suke a bakinsa, ga kuma wani jan murya nasu. Ya ce daren da idinsu na Fasha ya ƙare suna yin wani biki, Mimuna, maƙwabta Musulmi su kai musu gari da madara da man shanu, gaisuwar ranar kuma da Larabci ce, "tirbahu u tsa'du", wato ku ci riba ku yi arziki. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Maroko ta taɓa samun Yahudawa wajen 250,000, yanzu 'yan dubbai ƙalilan suka rage, yawancinsu a Kasabalanka.

Dakta Rabi: Na gode Jamilu. Wannan shi ne mataki na biyu da nake son Malam ya duba. Daga ƙarni na 15 zuwa gaba alaƙarsu da fusha, wato Larabcin littafi, ta yi rauni, sai rubutun ya koma bin lafazin gari. Fassarar Sa'adiya ta yi wa talaka nauyi, sai aka samu abin da suke kira sharh: fassarar nassi kalma da kalma, ana bin jerin Ibrananci ko da ya saɓa wa ginin jimlar Larabci. Malam, wannan ai kun fi ni saninsa. Hausar da kuke fassara Ahalari ko Iziyya da ita a zaure, akwai mai yin ciniki da ita a kasuwar Kurmi? A Borno ma akwai Tarjumo, tsohon Kanuri na fassarar Alƙur'ani wanda ba a hira da shi. Sharh haka yake. Kuma shi ne ƙofar mata, domin yawancinsu ba a sa su makarantar Ibrananci ba, a daren Fasha sai an juya labarin fitowa daga Masar zuwa Larabci sannan uwa da kaka su ji.

Bagadaza ce misali mafi ƙarfi. Wani masani, Haim Blanc, ya nuna a 1964 cewa kare-karen harshe uku ne a garin: na Musulmi, na Kirista, na Yahudawa. Musulmi zai ce "gilit" in yana nufin na ce, Bayahude ya ce "ƙeltu", kuma ra ɗinsa kamar gain take fita. Abin lura, na Yahudawa da na Kirista su ne suka riƙe tsohon karin birnin, na Musulmi kuwa ya ɗauko launin Larabawan ƙauye da suka cika garin a ƙarnukan da suka biyo bayan ɓarnar Mongol ta 1258. Bayahude a kasuwa da karin Musulmi yake magana, in ya shiga gida ya koma nasa. Gidan Sassoon da suka koma Bombay a 1832 da wannan harshe da waɗannan baƙaƙe suka riƙa rubuta wasiƙun kasuwancinsu, har jaridu aka buga da shi a Bombay da Kalkata, haka ma a Tunis.

Malam Habibu: To Dakta, kin ce kari. Kari na yarda. Sakkwatanci kari ne, Gaananci kari ne, babu wanda ya ce ba Hausa ba ne. Inda na tsaya shi ne a ce harshe ne mai zaman kansa. Kuma Abubakar ya turo mini wani abu ta gefe da ya ƙara mini ƙarfi: akwai wata ɗariƙa tasu, Ƙara'iyawa, waɗanda ba sa bin Talmud, babban littafin fiƙihun malamansu, a ƙarni na 10 da na 11 sun rubuta Attaura ta Ibrananci da baƙaƙen Larabci. To wannan kuma sai mu ce Ibranancin Musulmi ne?

Dakta Rabi: Malam ba ku kaɗai ke wannan ra'ayi ba. Ella Shohat, farfesa a Amurka wadda iyayenta Yahudawan Iraƙi ne, ta rubuta cewa wannan suna daga waje aka liƙa shi, kuma yana aikin raba Bayahude da Larabci kamar ba nasa ba ne. Su masu maganar a Maroko "Larabcinmu" suke cewa. Ni dai abin da na riƙe shi ne, Bayahuden Bagadaza da na Fas ba za su fahimci juna da karin gida ba, kowanne ya fi kusa da maƙwabcinsa Musulmi. Wannan hujjarku ce. Amma in suka rubuta wa juna, baƙaƙe ɗaya, kalmomin addini ɗaya, littattafan da suka taso da su ɗaya, Musulmin da ke gefe kuma ba zai iya karanta ko layi ɗaya ba. Wannan kuma tawa ce. Adabi ne na al'umma guda da ya shekara 1000 yana tafiya, dole a samu sunan kiransa.

Nura: To na ji, na kuma karanta duka. Amma ku faɗi gaskiya, wa ya kashe shi? Ba sahayoniyawa ba ne suka kwashe mutanen suka hana su Larabcin?

Abubakar: Nura, suna da kaso babba, amma ba su kaɗai ba, kuma ba su suka fara ba. Faransanci ne ya fara cin sa. Wata ƙungiya ta Yahudawan Faransa, Alliance, da aka kafa a Paris a 1860, ta buɗe makarantarta ta farko a Tiɗwan a 1862, ta bazu har Bagadaza. Yaro ya shiga yana jin Larabci ya fito yana jin kunyarsa. A Aljeriya dokar Crémieux ta 1870 ta mayar da Yahudawa 'yan ƙasar Faransa ta bar Musulmi, aka sa katanga tsakanin maƙwabta. A Iraƙi kuma masu ilimin boko nasu fusha suka koma da baƙaƙen Larabci kamar kowa.

Sannan aka zo kan tashin hankali. A farkon watan Yuni na 1941 aka far wa Yahudawan Bagadaza kwana biyu, abin da ake kira Farhud, aka kashe fiye da mutum 100. Bayan 1948 zama ya ƙara tsanani. Gwamnatin Iraƙi ta yi doka a 1950 cewa mai son tafiya ya ajiye shaidar zama ɗan ƙasa, a 1951 ta riƙe dukiyoyinsu, wajen mutum 120,000 suka fita. Yaman kusan 50,000 tsakanin 1949 da 1950. Da suka isa Isra'ila aka zuba su a sansanonin tantuna, Larabci kuma harshen abokin gaba ne a can, yara suna roƙon iyayensu su rage murya a titi. Kaka tana magana da Larabci, jika yana amsawa da Ibrananci, jikan jika ba ya ji sam. Akwai wanda ya ƙi, Samir Naƙƙash, an fitar da shi daga Bagadaza yana ɗan shekara 13, amma har ya rasu a 2004 da Larabci yake rubutu, yana sa mutanen labarinsa suna magana da karin Yahudawan Bagadaza, yana fassarawa zuwa fusha a ƙasan shafi domin masu ji sun yi ƙaranci. Inda ake jin yara na magana da shi a gida yau sai irin tsibirin Jarba na Tunisiya, inda mutum wajen 1000 suka rage.

Hajiya Ladi: Wannan na kaka da jika ya taɓa ni. Jikokina biyu da ke Ingila in na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini.

Isuhu Damagaram: Kada kuma mu mayar da zamanin da kamar aljanna. Shi Musa bin Maimun ɗin ai gudun Muwahhidun, daular Musulmi da ta taso daga Maroko, ne ya fitar da gidansu daga Kurɗuba bayan sun ci garin a 1148, kuma wasiƙar da ya aika wa Yahudawan Yaman yana ba su haƙuri kan tsanani da Larabcin ya rubuta ta. Mu ma muna da hannu ta wata fuska. Shehu Magili da muke girmamawa, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, shi ne ya tsaya kan rushe majami'ar Yahudawan Tamanɗiɗ a Tuwat wajen 1492. Waɗannan mutane kan hanyar fatauci ta Sahara suke, hanyar da ke saukowa har ƙasashenmu.

Malam Habibu: Gaskiya ne Isuhu, ya faru, ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai a cika maganar: alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da Shehu Magili ba, yana ganin suna da alkawarin zimma kuma ba a taɓa wurin ibadarsu. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshi suka rabu biyu. Saɓani ne na fiƙihu da aka yi tun a lokacin, ni kuma zuciyata ta fi natsuwa da maganar alƙalin, tare da girman Shehu Magili a wurina.

Nura: Na karɓi cewa ba hannu ɗaya ba ne. Amma ra'ayina kan abin da ake yi wa Falasɗinawa yana nan daram.

Hajiya Ladi: Babu wanda ya ce ka sauya shi, ɗana.

Isuhu Damagaram: Ni abin da ya dame ni yanzu na gida ne. Akwai adaka biyu na kakana cike da takardun ajami, wasiƙun fatauci zuwa Agadas da Kano da lissafin bashi, gara ta fara taɓa na ƙasa. A gidanmu mutum biyu ne kawai ke iya karanta su, dukansu sun haura 70. Dakta, in na ɗauki hotonsu da waya zai wadatar, ko akwai yadda ake yi?

Dakta Rabi: Fara da wayar tun yau, Malam Isuhu. Hasken rana a inuwa, kada ka kunna fitilar waya, gaba da baya na kowace takarda, kuma kada ka sauya jerin da ka same su. Abin da ya fi hoton muhimmanci shi ne ka zaunar da dattawan nan biyu su karanta da baki kana naɗar muryarsu, domin sunayen mutane da na kaya su kaɗai za su warware maka. Cire adakar daga ƙasa ka ɗora a kan benci.

Malam Habibu: Abubakar, jadawalin baƙaƙen da ka turo na zauna da shi bayan isha'i. Na karanta layin farko na Tafsirin nan da kaina, har na shiga na biyu. Matsayina kan suna bai sauya ba, Dakta ta sani. Amma akwai harafin da ya tsayar da ni, wanda suke kira gimel, wani wuri in na karanta shi jim ma'ana ta fito, wani wuri sai na mayar da shi gain. Ɗigon ne bai fito a hoton ba, ko haka suke barinsa?

Abubakar: Haka suke barinsa sau da yawa, Malam, ma'ana ce ke raba gardama, kuma marubutan ma ba su haɗu kan wanne ne mai ɗigon ba. Bari in dawo daga lacca in turo shafi na gaba, hotonsa ya fi wannan fitowa.